Gambar da Na Dasa a Bayan Gawo

Da sunan Allah nake farawa. Auta, ina yi maka sallama, da fatan ka sauka Lakwaja lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa. Ni ne mahaifinka, Isiya. Rubutun da kake gani na Malam Habu ne, tsohon malaminku na firamare, amma maganar tawa ce. Na ce masa ya rubuta ta yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara mini ko ɗaya. Ya ce ai Hausar tawa ma tana bukatar gyara. Na ce shekara saba'in ina hawa kanta ba ta taɓa mace mini a hanya ba, ya rubuta kawai.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Waya ba ta da haƙuri. Ana cikin magana sai ta yanke, ko kai ka ce mini "to Baba" tun ban kai inda za ni ba, ni kuma in samu hanyar zillewa. Labarin gida yayyenka za su ba ka. Abin da ni zan faɗa maka zai iya rage ni a idonka, kuma tabbas ya rage gonar da za ka gada. Gara ka ji shi daga bakina ina da rai.

Ka tuna ranar da ka karanta mana takardar ɗaukarka aikin tafinta a kotu, muna zaune a zaure bayan la'asar? Kana karantawa da Turanci kana juya mana da Hausa, ina ta gyara zama don kada a ga daɗin da nake ji. Sai ka zo wani wuri ka tsaya. Na ce, "Me ya faru, Turancin ya ƙare?" Ka yi dariya ka ce, "A'a Baba, wata kalma ce mai wuyar juyawa." Bakina ya ƙi ɗaukarta har yau, amma Malam Habu ya ce zai rubuta ta yadda take, ga ta nan: untoward. Ka ce mini a takardarka ana nufin kada a same ka da halin da bai kamata ba, in an same ka a sallame ka. Amma ka ce ita dai kalmar nan, in mota ta kai mutane gari ba faci ba haɗari, da ita ake cewa babu wani abu mara daɗi da ya faru. Na ce, "To tsaya. Abin da ya faɗo wa mutum ba da saninsa ba, da abin da mutum ya ƙulla da hannunsa, duk a buhu ɗaya suke zubawa?" Ka ce, "Haka ne Baba. 'Yan ofis suna sonta, don tana faɗar abu ba tare da ta nuna kowa da yatsa ba. Sai ka duba abin da ke kewaye da ita kafin ka san wanne ake nufi."

Kowa ya ci gaba da hira, ni kuwa na tashi na ce zan duba tumaki. Babu tumakin da na duba. Bayan gida na je na zauna a kan turmi, don ka taɓa mini wurin da yake ciwo ba ka sani ba. Ni ma ina da buhu irin wannan, na Hausa, sunansa tsautsayi. Shekara ashirin da 'yan kai ina ɗauke da wani abu a cikinsa.

Ka san yadda ake ɗaukata a garin nan. Ban shiga aji ba, allo ma ban daɗe a kansa ba. Amma in aka yi gardama kan wa ya haƙa rijiyar gabas, ko 'yar wa aka aura wa wa, ko inda iyakar gonar wane ta tsaya, ni ake aikowa a kira. Daga Ɗanzomo an sha turo babur a ɗauke ni, har Sule Tankarkar an kai ni shaida. Abin da na gani sau ɗaya ba ya fita daga kaina. Kyauta ce Allah ya yi mini, kuma da ita na cuci mutumin da na fi so a cikin maza.

Sunansa kake ɗauke da shi. An gaya maka dai wani abokin babanka ne da ya koma Maigatari, iyakar abin da aka gaya maka ke nan. Ni da Haladu rana ɗaya aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki, tare muka ci dukan satar gyaɗa. Gonarsa na manne da tamu ta arewa. Ranar sunanka da liman ya sunkuyo ya tambaye ni, ban yi shawara da kowa ba. Haladu na zaune a gefe yana rabon goro, da ya ji an yi shelar sunansa sai ya ajiye faifan, ya rufe fuska da hannun riga. Daga baya ya ce mini, "Isiya, kai mugu ne, ka sa na yi hawaye gaban surukaina." Kullum in ya dawo daga gona sai ya leƙo ya ce, "Ina takwarana? A miƙo mini shi in ga ko ya fara kama da ni." Mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, takan ce daga ciki, "Allah ya kiyaye, ɗana kyakkyawa ne."

Tsakanin gonakinmu gamba ce iyaka, kamar ta kowa. Tsohuwar gambar ta mutu a wata shekarar fari, dabbobi suka cinye saura, sai ni da shi muka samo sabon tushe muka dasa, mu biyu, babu na uku sai Allah. A gefen Haladu, kunya uku daga iyakar, akwai gawo. Ba sai na gaya maka amfanin gawo ba, ɗan manomi ne kai ko da kana sa takalmi sau-ciki. Da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, geron ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina zangarniya, da rani ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Ni gonata tas take, ko inuwar da za a ajiye ƙwaryar fura babu. Ƙarƙashin gawon Haladu muke cin abinci mu duka, kuma bai taɓa cewa nasa ne ba.

Damina ta zagayo, kana rarrafe a lokacin. Tsohuwar Haladu ta kwanta ciwo, ya ɗauke ta ya kai asibiti a Gumel, ya zauna jinya. Kafin ya tafi ya ce, "Isiya, in an yi ruwa ka huɗe mini tare da taka." Na ce, "Sai ka faɗa?"

Ina da wani ɗan bijimi ja da na sayo, bai gama horuwa ba. Da safen da zan fita mahaifiyarka ta ce, "Malam, jan nan bai san karkiya ba tukuna. Ka ari san gidan Bulama ka haɗa da tsohon sanmu." Na ce, "Yaushe mata suka fara koya wa maza huɗa?" Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta ci gaba da dakanta. Ina cikin huɗa kusa da iyaka wani abu ya tsorata jan, har yau ban san ko maciji ba ne ko ƙudan zuma. Ya fizgi tsohon, garma ta kuɓuce mini, suka bi layin gambar nan suka tumɓuke ta tun daga daidai gawon har kusan ƙarshen gona. Ba ta riga ta kafu sosai ba. Da ƙyar na tare su.

Wannan shi na yarda a kira tsautsayi, ko da yake shi ma da hannuna a ciki, tun da an gaya mini na ƙi ji. Don haka, Auta, in wanda kake ganin bai kai ba ya ce maka kada ka yi kaza, ka tsaya ka ji dalilinsa. A wurin aikinku akwai masinja, akwai mai shara, sun daɗe a wurin kafin ka zo. Kada takardarka ta toshe maka kunne. Ni ba ni da takarda ma, gemu kaɗai ya toshe mini nawa.

Na ɗaure shanun, na bi ina tsince tushen gambar. Na tara su a hannu na tsaya. Rana ta take, babu kowa a fili, ramukan da suka fito daga ciki ga su nan ina gani, ko makaho zai laluba ya mayar. Wallahi da na fito daga gida ban fito da niyyar komai ba. Sai na kalli gawon. Zuciyata ta ce, ai kunya uku ce. Ta ce, ai Haladu ba zai rasa inuwa ba, tare za ku ci gaba da zama. Ta ce, kai ma kana da ɗa yanzu. Ban ɗauki lokacin da ake ɗauka a sha fura ba. Na zagaya bayan gawon na dasa, na dawo na huɗe tsofaffin ramukan da garma.

Malam Habu ya ajiye biro a nan. Na ce ya ɗauka, ba mu kai ko rabi ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan ɗan lokacin. Tsakanin abin da ya same ka da abin da kai za ka yi, akwai 'yar tsayuwa, kana riƙe da tushen a hannu. In abu ya ɓaci a hannunka ba da nufinka ba, takarda ta ɓata, ko ka juya magana ba daidai ba, ka mayar da shi inda yake nan take, ka ce ga abin da ya faru. Kada ka tsaya kallon abin da za ka samu a cikin ɓarnar. Zuciya ta iya lissafi da sauri, kuma duk abin da ta faɗa a lokacin da daɗin ji yake.

Tsohuwar ta rasu a Gumel, Haladu ya dawo da gawarta. Bayan bakwai ya je gona. Ya gani, ya haƙura. Ƙanensa Sale ne ya ƙi haƙura, ya kai ƙara wurin Bulama, mai garinmu na wancan lokacin. Aka taru a gonar, dattawa, liman, da Malam Habun nan da ke rubutu, yana saurayin malami mai guga a wando. Bulama ya ce, "Isiya, da gonar wani ce kai za mu kira, kai ne littafinmu. Yanzu ga ta a kanka. Faɗa mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, tsautsayi ne. Shanu suka tumɓuke, na mayar da ita inda take." Ka ga yadda na yi? Rabin maganar gaskiya ce tsantsa. Na ɗauki kalmar da ta dace da aikin bijimi na lulluɓe aikina da ita. Har tabon da igiya ta yi mini a hannu na nuna.

Sale ya yi tsalle ya ce, "Ƙarya ne! A ɗauko Alƙur'ani ya dafa!" Liman ya kalli Bulama, Bulama ya ce a ɗauko. Ni kuwa na san zan dafa. Taurin kaina ba zai bar ni in ja da baya gaban jama'a ba. Sai Haladu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kada a ɗauko." Ya juyo ya kalle ni. "Isiya, kai ka ce nan take?" Na ce, "Ni na ce." Ya ce, "To nan take. Ba zan sa uban takwarana ya dafa littafin Allah a kan itace ba. Sale, mu tafi."

A ranar na ɗauka na ci nasara. Sai daga baya na gane mutumin nan ya ga ina shirin faɗawa wuta ne ya janye ni, ya biya da gawonsa.

Kai yanzu bakin wasu za ka zama. Za a kawo Bahaushe mai dakon kaya ko mai sayar da albasa, ba ya jin abin da alƙali ke cewa, alƙali ba ya jin nasa, kai kaɗai ne a tsakani. In ya ce abin ya faɗo masa ne, ka ce ya faɗo masa. In ya ce shi ya yi, ka ce shi ya yi. Kada ka nemo kalma mai laushi ka shimfiɗa a kan magana don mai ita babba ne, kada ka nemo mai kaifi don mai ita ba kowa ba ne. Kalmar nan taku da ba ta nuna kowa da yatsa, ka bar ta a inda da gaske babu wanda za a nuna. Kuma ranar da ka ji an ce maka, kai ba ka ƙarya, duk abin da ka faɗa mun yarda, to ranar ka fi jin tsoron kanka. Ni yardar mutane ce ta ba ni hanya.

Bayan girbi Haladu ya bar wa Sale gonar, ya kwashe iyalinsa ya koma Maigatari, yana tufka igiya yana sayarwa a bakin kara. Ya zo ya yi wa mahaifiyarka sallama ina gona. Ya ɗauke ka ya ɗora a wuya ya zagaya tsakar gida da kai, ya ajiye ka ya fita. Ita ta gaya mini. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na nemi ruwan wanka.

Mahaifiyarka ba ta taɓa ce mini na yi ƙarya ba. Amma daga wannan damina ba ta ƙara kai mini abinci gindin gawon ba. Sai ta tsaya can ƙarshen kudu, cikin rana tsirara, ta ajiye ƙwaryar ta kira ni. Na ce, "Ke ba kya ganin inuwa?" Ta ce, "Ina gani, Malam. Ban san mai ita ba ne." In na kwaso 'ya'yan gawon na zuba wa awakinta, sai in tarar ta share ta kai wa na maƙwabta. Kuma ita kaɗai ce a gidan nan take kiran sunanka da ƙarfi, har ta katanga a ji. Ni kuwa tun daga lokacin na koma ce maka Auta. Mutane suka ɗauka don kai ne ƙarami. Ba shi ba ne. Sunan ne ya ƙi wuce maƙogwarona.

Kana da shekara kamar goma na kai akuya kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Igiyarta ta tsinke a cikin turmutsutsu, ina riƙe da ita a ƙaho ina neman mai igiya, sai na ji an ce, "Isiya." Yana zaune a kan buhu, igiyoyi a gabansa, furfura ta fara fito masa. Ya ce, "Har yanzu dabba ba ta jin maganarka?" Ya yi dariya, irin tasa ta da, ba ƙulli a ciki. Ya tashi ya ɗaure mini akuyar da kansa. Sannan ya zaɓo wata igiya mai kyau, shuɗi da fari, ya miƙo mini. "Wannan ta takwarana ce. Ya ɗaure tasa akuyar. Yaya yake? Ya shiga makaranta?" Na ce, "Lafiya lau yake." Ya matsa mini wuri a kan buhun ya ce, "Zauna mana, in sa a kawo shayi." Auta, wurin zaman ga shi nan, faɗin tafi biyu. Maganar tana bakina, kalma nawa ce? Sai na ce motar Gagarawa za ta tashi, akwai wanda zan gani a can. Babu wanda zan gani a Gagarawa. Har na shiga motar don kada ƙaryar ta tashi a banza, na sauka a hanya na tako gida da akuyar da ban sayar ba.

Igiyar ban ba ka ba. Da na ba ka za ka tambayi wa ya aiko. Na rataye ta a ɗakina bayan ƙofa, kullum in zan fita sai na gan ta.

In ka ɓata wa mutum, shi kuma ya matsa maka wurin zama, ka zauna. Kada ka ce sai ka shirya maganar. Ba ta shiryuwa, ƙara nauyi take kowace shekara.

Da mahaifiyarka ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, wata safiya ina ba ta koko ta riƙe mini hannu ta ce, "Malam, ka je Maigatari." Na ce, "In kin warke ma je tare." Ta ce, "Kai dai." Ta saki hannun. Haladu ya zo ta'aziyya, kana makaranta a Gumel ba ka iso ba tukuna. Ya zauna a ƙarshen tabarma, ya yi addu'a ya daɗe, ya ce, "Mace ce ta gari, Isiya." Na ce, "Allah ya ba da lada," yadda na ce wa kowa. Tun daga ranar ban sake ganinsa ba.

Ina kewarsa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. In na ji wani abin dariya a majalisa, har yanzu nakan juya gefen hagu, inda yake zama. Abubuwan da ke kaina da yawa shi kaɗai ya gan su tare da ni, yadda kasuwar garin nan take kafin a yi titi, waƙar da iyayenmu mata ke yi in suna sussuka, sunan karen da ya kore mu daga gonar gyaɗa. Ana ce mini mai tuna komai. Amfanin me, in babu wanda za ka ce wa "ka tuna?" ya ce "na tuna"? Ina kewar mahaifiyarka, yanzu kuma ga taka ta ƙaru. Da asuba in na fito alwala nakan kalli ƙofar ɗakinka, sai in tuna ba wanda zan tasa.

Ranar da na raka ka tashar Gumel, ka ga na ture yaron mota na ce ni zan ɗaure maka katifa da buhun gero. Ka ce, "Baba, wannan tsohuwar igiyar fa?" Na ce, "Kada ka yar da ita." Ka yi dariya ka ce to. Ita ce. Aikenka ne, ya yi shekara goma sha shida a hanya. Na so in gaya maka a wurin, sai direba ya buga mota, abin da ya fito daga bakina shi ne ka kula da aljihunka. Na tsaya har motar ta sha kwana, mai shayi ya ce, "Baba, ai sun tafi." Na ce na sani, inuwa nake sha.

Yanzu ga abin da na yi. Shekaranjiya da safe na je gidan Sale, na ce ya ɗauko fartanya ya biyo ni. Muka biya muka ɗauki Bulama, ɗan wancan Bulaman. A gindin gawon na ce musu, "Bijimi ne ya tumɓuke gambar, wannan tsautsayi ne. Ni na dasa ta a nan, wannan zalunci ne. Ga inda take." Na taka na nuna musu ramukan ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ƙasa ta shafe su tuntuni. Ban manta ko ɗaya ba. Sale ya tsaya yana kallona, shi ma ya tsufa, haƙoransa sun zube. Na ɗauka zai zage ni. Sai ya ce, "Yaya Isiya, gambar nan ta yi jijiya, ba za ka iya kai kaɗai ba." Tare muka haƙa har azahar. Bayana har yanzu bai miƙe ba.

Gonar arewa rabonka ce, yayyenka sun sani. Na rage maka kunya uku da gawo, kuma ban nemi shawararka ba, don ba naka ba ne balle in tambaye ka. Geron da na ci na shekarun nan, wannan tsakanina da mai shi ne, abin da ya yanka zan ɗauka.

Da muka zo nan na tambayi Malam Habu me ya sa ɗazu ya ajiye biro, mamaki ya yi? Ya ce, "Isiya, wane mamaki? Tun daga shekarar nan ka taɓa ganin an kira ka shaidar iyaka kai kaɗai? Kullum sai an haɗa ka da wani." Ni kuwa duk tsawon nan na ɗauka rakiya ake yi mini don girmamawa. Na ce ya rubuta wannan ma. Ya ce in bari, ya yi nauyi. Na ce ya rubuta.

Jibi Alhamis zan shiga motar Maigatari. Sale ya ce idon Haladu ya tafi, ba ya zuwa kasuwa, yana zaune a ƙofar gida yana tufka da laluben hannu, sai ya ji murya yake gane mutum. Ban sani ba ko zai gane tawa. Ban sani ba ko wurin da ya matsa mini yana nan. In ya kore ni, ya yi daidai. Amma na san abin da zai fara tambaya, kuma wannan karon ba zan ce lafiya lau kawai ba. Zan ce masa takwaransa ya zama tafinta, igiyarsa ta je har Lakwaja. In ya yarda zan sa a kira ka a waya daga can, ka gaishe shi. Ka ce masa Baba, don ya fi ni cancanta.

Ni kuma, in ka karanta wannan ka ji ba ka son jin muryata na ɗan lokaci, ba zan ce ka yi laifi ba. Zan jira. Ba inda za ni.

Ka riƙe salla. Ka ci abinci a kan lokaci, ka rage shan ruwan sanyi, ƙirjinka irin na uwarka ne. An ce akwai babban kogi a can, kada ka shiga kwalekwale don nishaɗi, mu mutanen tudu ne. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare harshenka fiye da yadda na tsare nawa, ya sa ka gama da kowa lafiya, ya dawo mini da kai ina da sauran gani.

Allah ya yi maka albarka, Haladu.

Malam Habu ya ce in maimaita, wai bai ji da kyau ba. Ya ji sarai. Haladu. Haladu, ɗana.

Mahaifinka,
Isiya